Tayoyin motar gida: a hau sikeli kafin a shiga shago

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina zaune a Dalas, jihar Teksas. Na sayi motar gida ta hannu, irin wadda Amurkawa ke kira RV, mai tsawon ƙafa 31, ƙirar 2014, a kan casis ɗin Ford E-450. Mil 28,000 kacal ta yi. Tayoyinta shida ne, zanensu kamar sababbi, sai dai biyu sun ɗan tsattsage a gefe. A jikinsu an rubuta LT225/75R16 115/112R, Load Range E, lambar DOT kuma ta ƙare da 2216. Ina so in kai iyali Arizona a watan Yuli. Wani shago ya yi mini tayin tayoyi masu araha, wani abokina kuma ya ce in sa masu faɗi don motar ta fi zama a hanya. Dole ne in canza? In dole ne, wace iri zan saya?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya.

Canza su za ka yi, duka shidan, kuma kafin Yuli. Lambar nan 2216 da ka kwafo ita ta raba gardama. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: an ƙera tayar a mako na 22 na 2016, wato ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni. Haka ake buga wa taya kwanan wata tun shekarar 2000. Kamfanin Ford, mai casis ɗin da ɗakinka ke zaune a kai, ya rubuta a littattafan motocinsa cewa taya in ta shekara shida a sauke ta, ko da zanenta bai taɓu ba. Michelin sun fi sassauci: daga shekara biyar a riƙa kai wa masani ya duba duk shekara, in ta kai goma a sauke ba ciniki. Naka sun daɗe da wuce ma'aunin Ford, na Michelin ma sun zo bakinsa, ga tsagewa ta fara fitowa. Kada kuma ka ɗauka duk shidan sa'o'in juna ne. Cikakkiyar lambar a ɓangare ɗaya kawai ake buga ta, a tayoyin baya kuma sau da yawa ɓangaren ciki take kallo. Shimfiɗa kwali, ka kwanta ƙarƙashin motar da tocila, ka karanta ɗaya bayan ɗaya. Ba abin mamaki ba ne ka tarar biyun ciki tun na kamfani ne, mai motar na da ya canza waɗanda ido ke gani ya bar sauran.

Na san abin da ke ci maka rai. Mu da muka taso muna auna taya da ido, sai ta suɗe muke cewa ta mutu, zubar da taya mai cikakken zane kamar almubazzaranci ne. Ko a gida da jami'an kiyaye haɗurra suka matsa da zancen taya tana da wa'adi, direbobi da yawa dariya suka yi. Amma motar haya da motar gida ba ciwo ɗaya ke kashe tayoyinsu ba. Motar haya tana cinye zanen kafin roba ta tsufa. Taka kuwa tun 2014 mil 28,000 ta yi, ka ga rayuwarta kusan duk a tsaye ta yi ta, da cikakken nauyi a kan wuri ɗaya na kowace taya.

Zaman nan shi ne cutar. A cikin robar taya ana cuɗa kaki da wasu sinadarai masu kare ta daga rana da iskar ozon. Sai taya tana juyawa, tana lanƙwasa tana miƙewa, tana ɗaukar ɗumi, sannan suke tsattsafowa fatar waje su rufe ta. Tayar da ta yi wata biyar a tsaye ba ta samun wannan, sai gefenta ya bushe ya tsattsage kamar fason ƙafa da hunturu. Wannan shi ne na waje, wanda ka gani. Na ciki ya fi shi haɗari, kuma ba a ganinsa. Iskar da ke cikin taya tana ratsa roba a hankali, iskar oksijin da ke cikinta tana busar da siririyar robar da ta manne wayoyin ƙarfen da ke ƙarƙashin zane. Zafi yana gaggauta abin ƙwarai. Shi ya sa da hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka, NHTSA, ta tashi binciken tsufan taya, daga birnin Finiks na Arizona ta tattaro tayoyin da ta gwada. Dalas ba ta kai Finiks zafi ba, amma zafinta bai yi nisa da na can ba. Ran da mannin nan ya saki, zanen gaba ɗaya yake ɓallewa daga jikin taya, sabo fil, yana bulala.

A ƙaramar mota in haka ta faru, ka yi asarar taya da ɗan fenti. A motar gida abin da ke saman tayar baya katako ne da wayoyin lantarki da bututun ruwa, wani lokaci bututun gas da tankin bayan gida. Na ga wadda zanen ya fasa daɓen ɗaki ya shigo har ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya tsinke wayoyi, baƙin sawun roba a jikin bango har taga. Kuɗin gyaran ya ninka kuɗin tayoyi shida. Wannan ma ta baya ce. Ta gaba in ta fashe kana gudun mil 70, sitiyari take fizgewa.

To, wace iri? Kafin ka tambayi mai shago, tambayi sikeli, domin a irin motarka lissafin nauyi a matse yake fiye da yadda masu ita suka sani.

Dubi rubutun 115/112. Lamba ta farko nauyin da taya za ta ɗauka ne in ita kaɗai ce, kamar a gaba: laba 2,680, wato kilo 1,215. Ta biyu kuma in an haɗa ta da 'yar'uwarta a baya: laba 2,470, kilo 1,120. An rage wa na baya ne saboda hanya ba shafaffiya ba ce, kullum ɗaya tana ɗaukar fiye da rabonta, kuma suna dafa juna da zafi. Duka lambobin biyu sai da iska psi 80 (psi ma'aunin matsin iskar taya ne) suke tabbata. In iska ta ragu, su ma sun ragu. Yanzu buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a ginshiƙi. A E-450 na shekarun motarka abin da aka saba gani shi ne: jimillar nauyi kada ya wuce laba 14,500, aksul na gaba (aksul shi ne ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin hagu da dama) 5,000, na baya 9,600. Tayoyin baya huɗu, 2,470 sau huɗu, 9,880 ke nan. Tsakanin iyakar aksul da iyakar tayoyi laba 280 ne kawai. Galan ɗin ruwa laba 8.3 ne, ka ga galan 34 ya cinye ratar.

Motar ƙafa 31 kuwa tun daga kamfani take fitowa kusa da wannan iyaka, saboda ɗakin ya zarce aksul na baya da tsawo mai yawa. Duk abin da ka ɗora a can ƙarshe, nauyinsa ƙaruwa yake yi a kan tayoyin baya. A ce tsakanin aksul na gaba da na baya inci 220 ne, daga na baya zuwa bamba kuma inci 120. Ka ɗaure kekunan yara da akwati, laba 200, a bamba. Aksul na baya laba 309 zai ji, na gaba kuma ya yi sauƙi da 109, sitiyari ya fara yawo. Ga kuma abin da takardar ƙofa ba ta faɗa: hagu da dama ba sa zuwa daidai. Firij, janareta, tankin ruwa da ɗakin da ke zamewa waje sukan taru a ɓangare ɗaya. Aksul na iya nuna 9,600 cif, ka ce alhamdu lillahi, alhali hagu 5,100 ne, dama 4,500. Tayoyi biyu na hagu 4,940 ne iyakarsu. Sun yi lodi fiye da kima, kuma haka za su yi ta tafiya daga Amarillo har Albuquerque a kan kwalta mai zafin Yuli.

Saboda haka loda motar kamar yau ne tafiyar: mai cike da tanki, gas, ruwan da za ka ɗauka, buhun shinkafar uwargida da tukwanenta, kowa ya hau ya zauna a mazauninsa. Ka nufi tashar manyan motoci mai sikelin kamfanin CAT, suna nan birjik a manyan hanyoyin Teksas. Tayoyin gaba a faranti na farko, na baya a na biyu, kuɗi kaɗan ne, su ba ka takarda. Wannan sikelin aksul-aksul yake aunawa, ba ya raba hagu da dama. Awon kowace kusurwa daban ya fi, ƙungiyar Escapees mai hedkwata a Livingston, nan Teksas, an san ta da shi, ana kuma yi a manyan tarukan masu irin waɗannan motoci. In bai samu ba, abin da nake yi shi ne in raba nauyin kowane aksul gida biyu, in ƙara kashi biyar cikin ɗari a kan rabin, in ɗauka shi ne ɓangare mai nauyi.

Da takardar sikeli a hannu, zaɓi biyu ne a gabanka, duka a girma ɗaya.

Na farko, ka maimaita abin da ke kai: LT225/75R16, Load Range E, 115/112 (LT alamar tayar ƙananan motocin kaya ce a ma'aunin Amurka, Load Range kuma ajin ƙarfin tayar ne). Shi Ford suka sa, ba laifi a cikinsa, kuma duk ƙauyen da ka tsaya a Amurka za ka same shi. In sikeli ya nuna bayanka bai wuce 8,800 ko 9,000 ba, wannan ya ishe ka.

Na biyu shi ne wanda zan sa in motar tawa ce kuma sikeli ya nuna ta haura 9,000: 225/75R16C, mai lamba 121/120. Harafin C a ƙarshe alamar tayar motocin kaya ce a ma'aunin Turai. Faɗinta da tsayinta daidai da taka, a kan wili ɗaya take zama, amma tana ɗaukar laba 3,195 ita kaɗai, 3,085 in an haɗa biyu, a kan psi 83. Ɓangaren nan na hagu da ke fama da 4,940 ya koma yana da 6,170. Michelin Agilis CrossClimate tana zuwa a duka nau'in biyu, suna ɗaya, don haka ka karanta gefen tayar da idonka kafin a ɗaura, kada a ce an ba ka C alhali LT ce. Wasu kamfanonin ma suna yin wannan girman.

Sai dai a yi hattara da abu uku. Tayar C ba ta ƙara wa aksul ko birki ko sifirin ƙarfi. 9,600 yana nan a 9,600, abin da ka saya rata ce, ba izinin ƙarin lodi ba. Wili ma yana da nasa iyakar iska da nauyi, a jikinsa ake bugawa, sa mai shago ya nuna maka lokacin da taya ke sauke, kuma kada ka wuce shi don taya ta ce 83. Sannan ba a gauraya LT da C a aksul ɗaya, domin ba jadawalin iska ɗaya suke bi ba. Za ka ji motar ta ɗan ƙara tauri a kan gargada, kwanuka su ƙara surutu a kabad. Ni dai na yarda da wannan cinikin.

Akwai masu rantsuwa da tayoyin da jikinsu duka wayar ƙarfe ce, irin Michelin XPS Rib da Bridgestone Duravis R238. Tayoyi ne na gaske, ƙusa da gefen kwalbati ba sa ba su tsoro, kuma suna tafiya a miƙe. Amma lambarsu 115/112 ce, ba su ƙara maka ko laba ɗaya ba, ga tsada, ga rashin kataɓus a kan ƙanƙara. An yi su ne don motar da ke cin mil dubbai a wata. Kai da za ka sauke taya saboda shekaru, da fiye da rabin zanenta, biyan kuɗin dogon zane asara ce. Haka nan masu manyan haƙora na shiga daji: ƙara, zafi da shan mai kawai za su ƙara maka a kan kwalta. Nemi mai zanen babbar hanya, mai layuka a miƙe.

Shawarar abokinka kuwa, a yi masa godiya a ajiye ta. Tsakanin tayoyin baya biyu akwai rata da aka auna, don iska ta ratsa kuma kada su taɓa juna a ƙasa inda suke kumbura saboda nauyi. Sa 245 a inda aka yi wa 225, ratar ta matse. A tsaye za ka ga kamar akwai sarari, amma da an hau hanya suna lotsawa sai su riƙa gugar juna, zafi ya taru a gefe, wurin da taya ta fi rauni. Ƙari a kan haka 245/75R16 ta fi taka tsayi da fiye da inci ɗaya, agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya, kuma wilinka ya yi mata siriri. In motar tana rawa ne in tirela ta wuce ta, ba faɗin taya ne maganin ba. A duba saitin ƙafafun gaba, a duba shokoba, a rage kaya a can baya. Yawancin E-450 da ke yawo a hanya, gabansu ne ya yi sauƙi ko saitin bai yi ba.

Tayin mai shago kuma, tambaye shi cikakken rubutun da ke gefen tayar, harafi da harafi. Girma ɗaya ba ya nufin taya ɗaya. In ta fara da ST, ta tirelar da ake ja ce, ba a sa ta a motar da ke da inji da sitiyari, ko kyauta aka ba ka. In ta fara da P, ko ba harafi gaba ba harafi baya, ta ƙaramar mota ce. In LT ce amma Load Range D, psi 65 ne iyakarta, ba za ta ɗauki bayan motarka ba. Harafin da ke bayan lambar nauyi na gudu ne: R mil 106 a awa, Q mil 99, duka sun fi ƙarfin abin da za ka yi.

Kada ka ga kamar ƙaƙale ne. A 2022 kamfanin Goodyear ya janye tayoyi kusan 173,000 samfurin G159, girman 275/70R22.5, waɗanda aka ƙera tsakanin 1996 da 2003. Asali an yi su ne don motocin rarraba kaya a cikin gari, masu tafiya suna tsayawa, sai aka riƙa ɗaura su a manyan motocin gida masu yini suna gudu a babbar hanya. An yi ta shari'a a kan haɗurran da aka danganta da su shekara da shekaru kafin janyewar. Girman ya dace da wilin, aikin ne bai dace da tayar ba. Babban suna ma ba ya hana kuskure: a ƙarshen 2013 Michelin sun janye tayoyi fiye da miliyan ɗaya samfurin LTX M/S, a daidai girman naka. Abin da babban kamfani ke ba ka shi ne jadawalin nauyi da iska da aka wallafa, dila a kowane gari, da sanarwa in an gano matsala. Wannan sanarwar ba za ta same ka ba sai an yi wa tayoyin rajista da sunanka, don haka ka tabbata mai shago ya yi, ko ka shiga shafin kamfanin ka shigar da lambobin DOT da kanka. Ba na cewa dole sai mafi tsada. Akwai na tsakiya masu kyau daga kamfanonin Japan da Koriya da Amurka. Amma sunan da ba ka taɓa ji ba, wanda ka nemi jadawalinsa ka rasa, araha ba ta ado. In ɗaya ta lalace a hamadar Nu Meziko ba za ka sami 'yar'uwarta ba.

Ranar saye, tun a waya ka gaya musu kana son tayoyin da ba su wuce wata shida da ƙerawa ba, kuma za ka duba kafin a ɗaura. Tunda shekaru ne za su kashe su, tayar da ta yi shekara biyu a sito an ci maka sulusin kuɗinka. Ka je shagon da ke aikin manyan motoci, masu jak da ya isa da wurin da motar za ta shiga.

Sai bawul, ɗan ƙaramin abin da kan jawo fashewar tayar baya. Bawul ɗin roba na ƙananan motoci psi 65 aka yi shi ya riƙe. Yaron shago in ba a tsaya a kansa ba, shi zai ɗebo daga kwali ya cusa, don shi hannunsa ya saba da shi. Ka ce na ƙarfe kake so, mai noti. Na tayoyin ciki kuma a sa dogaye na ƙarfe da aka lanƙwasa su leƙo ta ramin wilin waje, a bar tiyon nan mai laushi da ake ɗaurawa a kan bawul. Tiyon yana kaɗawa, yana gugar bakin murfin wili har ya huje. Abin da ke biyo baya na sha ganinsa: mota ta shigo, tayoyin baya a tsaye kyam, ka sa geji a ta ciki, allura ko motsi. Ta waje ce ta ɗauke nauyin biyu, ta ciki tana lilo ba iska, mai motar bai sani ba. Taɓa ta wajen, ba ka iya barin hannu a kai. A irin wannan hali duka biyun sun tashi aiki, domin wadda ta ɗauki ninkin nauyinta ta ji ciwo a ciki ko da ba ta nuna ba. Ƙa'idar masu taya ita ce duk wadda aka yi tafiya da ita iskarta ta ragu da kashi 20 cikin ɗari, a ɗauke ta kamar an taka ta a sace; sai an cire ta daga wili an duba cikinta kafin a sake hura mata iska.

Dokar Amurka da ta tilasta sa na'urar gargaɗin iska ta tsaya ne a motocin da ba su wuce laba 10,000 ba, taka kuwa ta wuce, don haka kada ka zaci akwai. Sayi irin wadda ake ɗaura wa kowane bawul, mai nuna iska da zafi a gaban direba. Kuɗinta bai kai na taya biyu ba. Ita ma dalili ce ta sa bawul ɗin ƙarfe, don na roba ba ya jure nauyinta.

Tayoyin da za a haɗa a baya su zama iri ɗaya, tsayi ɗaya. Bambancin da ya wuce rubu'in inci yana sa doguwar ta ɗauke nauyin, gajeriyar tana jan ƙasa. Tunda shida za ka saya lokaci ɗaya, wannan ba zai dame ka yanzu ba, sai ran da ɗaya ta lalace nan gaba. Notocin E-450 ana ɗaure su da sifana mai awo, 140 a ma'aunin laba-ƙafa, ba da bindigar iska har sai ta gaji ba. Ford sun ce a motoci masu tagwayen tayoyi a sake ɗaurewa bayan mil 100, a kuma sake a mil 500. Wannan ya nuna kada ka canza taya ana gobe tafiya. Ba su mako biyu, ka zaga da su, ka koma a taɓa notocin, ka ga ko akwai mai sace iska.

Yawan iska kuma daga takardar sikeli yake fitowa. Ɗauki nauyin ɓangare mafi nauyi, ka duba jadawalin kamfanin tayar da ka saya, ka ga psi nawa ke ɗaukarsa, ka ƙara biyar, muddin ba ka wuce iyakar taya da ta wili ba. Duk tayoyin aksul ɗaya iska ɗaya ake ba su, ta ɓangare mai nauyin. In ka tsaya a kan LT, bayanka 80 ne kusan ko yaya aka juya lissafin. Gaba ne ake samun sauƙi, kuma cika wa gaba 80 ba dalili yana rage kamun ƙasa, motar ta riƙa yawo. Kafin ka sami awo, bi abin da takardar ƙofa ta ce. Da sassafe ake aunawa, kafin mota ta motsa, kafin rana ta bugi ɓangare ɗaya. In ka tsaya shan mai da azahar ka ga 80 ta zama 92, haka ya kamata, an yi lissafinsa tun a kamfani. Kada ka sace ko kaɗan. Mutane da yawa a nan suke kashe tayarsu da hannunsu: su rage iska da rana don tsoron fashewa, gari ya waye taya ba ta da isasshiya, ta yi ta lanƙwasa tana tara zafi. Ƙarancin iska ke fasa taya a zafi, ba yawanta ba. In kun hau Flagstaff, mai tsayin ƙafa kusan 7,000, geji zai ɗan canza saboda tsayi da sanyin safiya. Psi biyu ko uku ba abin bi ba ne.

Gudu ma nauyi ne a wurin taya. Allon hanyar I-40 zai ce maka 75, amma tsakanin 62 da 65 tayoyin sun fi sanyi, tankin mai ma ya fi auki.

Ka leƙa safaya. Motocin gida da yawa ba sa zuwa da ita sam, masu ita kuma takan kasance tun ta kamfani, ta shekara goma tana shan zafin salansa a ƙarƙashi. In babu wurin wili, ko taya zalla ka ɗauka, ta bakwai irin shidan. Motar agaji za ta iya ɗaura maka ita a bakin hanya, amma samo 121/120 ranar Lahadi a ƙaramin gari wani aiki ne. Ka tuna ita ma nauyi ce, kada ta tafi can ƙarshen bamba.

In kun dawo za a ajiye motar, cika iskar, rufe tayoyin daga rana, sa katako mai faɗin da ya ɗauke tayar duka a ƙarƙashi in a kan ƙasa ko ciyawa take. Man sheƙin taya mai ɗauke da sinadarin fetur a bar shi, ruwa da sabulu sun isa. Duk wata ka fitar da ita ta yi tafiyar rabin awa a babbar hanya har tayoyin su yi ɗumi. Janareta da birki ma suna so.

'Yan'uwa da ke Turai masu motar gida a kan Fiat Ducato, lissafin ɗaya ne amma tayarku daban: ku nemi mai alamar CP, kamar 225/75R16CP, wadda aka yi don doguwar tsayuwa da nauyi, ana hura na baya har bar 5.5, wato kusan psi 80, ita ma da bawul ɗin ƙarfe. A Jamus kuma tun Oktoban 2024 alamar M+S kaɗai ba ta wadatar a kan ƙanƙara, sai mai hoton dutse da ƙanƙara a ciki.

In sikeli ya nuna bayanka ya haura 9,600, Malam, babu tayar da za ta gyara wannan. Zubar da ruwan tanki ka bar na hanya kawai, ka cika in kun isa. Kwashe kaya masu nauyi daga akwatin baya ka dawo da su tsakiyar mota, ƙasa-ƙasa. Abin da ba a taɓa shi ba sai an dawo, a bar shi a gida. Sannan ka koma sikelin a sake aunawa, awo na biyu a rana ɗaya ragi suke yi.